Shekarar Jar Dawa

Bana ruwa ya yaudare mu. Ya sauka da wuri, da ƙarfinsa, har kududdufin bayan gari ya kawo, kowa ya saɓa sungumi ya fita. Gero ya tsiro ya yi kore shar, an shiga noman farko, sai sama ta washe ta ƙi ƙara ko ɗigo. Kullum da la'asar hadari zai haɗo daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, sai iska ta kwashe shi ta yi wajen garin Zango da shi, ta bar mu da ƙamshin ruwan da ya zuba a gonakin wasu. Ganyen gero ya nannaɗe ya koma kamar tsinke.

Ina zaune a ƙofar ɗakina ina kallon wannan sama, sai na ji kiɗa da ƙarar lasifika daga bakin kasuwa. Motocin 'yan siyasa ne. Ɗan majalisarmu ya rasu, za a yi zaɓen cike gurbi. 'Yata Hauwa ta shigo da ƙullin taliya da sabulu, an manna hoton ɗan takara a jikin ledar. Na karɓa na duba. Ban yi boko ba, amma wannan goshi da wannan hanci ba sai an karanta mini su ba.

"Wannan jinin Bawale ne," na ce.

"Ɗansa ne, Inna. Shamsu."

"Fitar mini da ita daga gida."

Ta san dalili, ba ta yi musu ba. Amma yaran yanzu da yawa ba su sani ba, shi ya sa zan faɗa.

Lokacin ina ƙaramar mace, da goyon fari a bayana, namiji. Ina aure a nan Kafin Gawo, gabas da garin Babban Mutum, a gidan Baba Sanda, mahaifin maigidana Malam Ilu, Allah ya jiƙansu duka. Gidan ba na masu kuɗi ba ne, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba, saboda fadama. Tana kudu da gari, inda ƙasa ta kwanta ta yi baƙi. Kusan kowane gida yana da ɗan yanki a cikinta. In ka haƙa tsawon mutum sai ruwa. Da rani maza suna ban ruwa da jigo, ana samun albasa da dankali da tattasai da rogo. In tudu ya ba da hatsi, kayan lambu su zama na kasuwa. In tudu ya ƙi, fadama ce ke riƙe gari har wata damina.

Shi kuwa Alhaji Bawale, ubansa shi ne mai sikelin gyaɗa na kamfanin Turawa tun kafin a haife ni. Tsofaffi sun ce ba a taɓa kai masa buhu ya cika ba. Da Turawa suka naɗe tutarsu suka tafi, gidan bai girgiza ba. Uban ya koma ɗan kwangila, ɗan ya zama shugaban jam'iyya mai mulki na yankinmu. Baba Sanda yakan ce, "Bature bai tafi ba. Ya dai gaji da ranarmu ya koma inuwa, ya bar yaransa a kan kujera." In ya faɗa sai mu yi dariya. Daga baya muka daina.

A shekarar da nake ba ku labari, azumi ya faɗo cikin bazara. Zafin da aka yi ban sake ganin irinsa ba. Kafin hantsi randa ta yi ɗumi. Maza su je sassabe da toyi tun da sassafe, su dawo leɓe a tsage, su kwanta a gindin gawo da jiƙaƙƙen zane a ƙirji. Mu mata mu yi sussuka da surfe, taɓarya tana zamewa a hannu don gumi. Surukata Iya Gambo ita ke hawa rumbu, kuma kullum in ta sauko da dami sai ta faɗi ɗan abin da ya rage a ciki. Damin bara bai yi auki ba, kowa ya sani, amma ana cewa in ruwa ya sauka da wuri za mu kai.

Ruwan farko ya zo ana saura kwanaki sallah. Muka fita gaba ɗaya, maza a gaba da sungumi, mu a baya muna jefa iri muna takewa, ga azumi a baki, ga goyo a baya, amma murna ta hana mu jin wuya. Ƙasa tana turiri, tana wannan ƙamshi da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci. Gero ya fito. Daga nan shiru. Ya ƙone a tsaye. Aka sake samun yayyafi, aka sake shuka, ya sake ƙonewa. Na uku, irin da aka zuba daga cikin abincinmu aka ɗebo shi. Aka yi roƙon ruwa a filin idi, maza suka juya riguna, aka yi sadakar gumba da ɗan abin da ya rage. Sama ta yi fari fat kamar an wanke ƙwarya.

Hankalin kowa ya koma fadama. Aka yi gayya aka yashe rijiyoyi, aka ƙara haƙa wasu. Aka dasa dankali da rogo, aka zuba masara a inda ya fi laima. Har mata aka bari muna zuwa ɗiban ruwa da tulu muna zuba wa kunya. Na tuna sanyin laka a tafin ƙafata, da kukan jigo, da yadda nake kwantar da yaron a inuwar giginya yana wasa da ƙafarsa. Muna ganin kore a wurin nan sai zuciya ta kwanta.

Ran wata kasuwa motoci suka shigo gari. Alhaji Bawale ne da Turawa biyu, da waɗansu ma'aikata masu ɗamarar wando. Aka shimfiɗa darduma a ƙofar dagaci, aka tara maza. Mu muna leƙe ta bayan danga. Bawale ya miƙe cikin farar babbar riga, ya ce gwamnati ta kawo mana ci gaba. Wani kamfani daga ƙasar waje zai noma alkama a fadamarmu da injuna, za a ɗauki samari aiki, za a kawo asibiti da famfo. Dagaci yana zaune kansa a ƙasa, bai ɗago ba har aka tashi.

Baba Sanda ya miƙe, shi ne babba a masu lambu. Ya ce, "Alhaji, ka gaya wa baƙin nan, mun yi musu maraba. Amma ka gaya musu rijiyar da ke yankina kakana ne ya haƙa ta. Bana tudu ya ƙi, kowa ya gani. Abin da ke cikin fadamar nan shi ne tsakaninmu da kabari. Ka gaya musu ba mu yarda ba."

Bawale ya juya yana murmushi, ya yi magana da Turanci. Babban Baturen ya washe baki, ya tafa hannu, ya taso ya kama hannun Baba Sanda yana girgizawa, ɗayan ya ɗauki hoto. Baba ya dawo gida yana cewa, "Ashe mutanen nan suna da kunne. Sun ji."

Da yamma sai ga Okoro, wani Ibo mai sayar da kayan keke da ke zuwa mana duk ran kasuwa. Ya yi sallama a zaure, ya ƙi zama.

"Baba, me ya sa ka ba su?"

"Na ba su me?"

"Ina tsaye a wurin. Alhaji ya ce musu, wannan tsoho ya ce sun gode, ƙasar banza ce, ba mai amfani da ita, ku zo ku ɗauka."

Ina kawo ruwa a lokacin. Na ga Baba Sanda ya dubi hannunsa na dama, wanda Baturen ya girgiza, ya daɗe yana dubansa.

Zaɓe ya zo a tsakiyar wannan damina da ba ruwa. Mutanen Kafin Gawo suka haɗa baki za su ƙi jam'iyyar Bawale. Shi ne karo na farko da na dangwala yatsa. Na tuna na sa zanen aurena, na bi layi cikin rana, ina jin kamar da yatsan nan zan tsare mana fadama. Da aka gama, wata mota ta zo ta ɗauki akwatin, wai a can za a ƙirga. Da aka faɗi sakamako a rediyo, jam'iyyarsa ce ta cinye, har da garinmu. Amma shi ya san abin da ke cikin akwatin kafin a canza shi, kuma ya riƙe.

Ba a yi mako biyu ba aka kawo waya mai ƙaya da turaku, da 'yan sanda. Aka kewaye fadama da dankalinmu da masararmu a ciki, masara ta fara fitar da gemu. Aka ce duk wanda ya tsallaka ɓarawon gwamnati ne. Muna tsaye a bakin waya muna kallon abin da muka shuka yana yaushi don ba mai ba shi ruwa. Baba Sanda ya jure kwana kaɗan, ran nan bayan sallar asuba ya ɗauki guga. Malam Ilu ya bi shi, da waɗansu maza. Suka ɗaga waya suka shiga, ido na ganin ido, ba a ɓoye ba, suka hau ban ruwa. Kafin azahar an zo an tattara su, an ɗaure su da igiyar gugansu, an jefa a mota. Aka kai su birni aka kulle. Bayan haka katafila ta shiga ta baje komai.

Gida ya rage daga ni sai Iya Gambo sai goyo. Rumbu ya ƙare, muka share ƙasansa da tsintsiya muka tankaɗe. Muka sayar da akuya, kuɗinta bai kai na kwano biyu na gero ba, don kowa sayarwa yake. Muka koma dusa. Da sassafe mu fita daji da sauran mata neman tafasa da yaɗiya da lalo, a dafa a matse a barbaɗa gishiri. Da ganye ya yi wuya muka koma tsintar ƙarangiya, a daka ta a fitar da 'yar ƙwayar da ke ciki, hannu duk ƙaya. Muka haƙa gidajen tururuwa muna kwashe tsabar da suka tara. Yunwa ba ciwon ciki ba ce kawai. Kunne yana yin ƙara, in ka miƙe gari ya juya, kuma kana jin ƙamshin tuwo a inda babu wanda ya hura wuta. Gari ya yi tsit. Ba ƙarar turmi, ba carar zakara, ko yara sun daina wasa a dandali.

Nonona ya fara janyewa. Yaron zai kama ya ja, ya ja, ya saki ya yi kuka. Daga baya kukan ma ya zama kamar na ɗan mage. Iya Gambo takan tura mini rabonta ta ce ta ci a maƙwabta. Na san ba ta ci ba, kuma na karɓa, saboda shi.

Sai labari ya zo cewa an kawo taimakon abinci daga ƙasashen waje. Jar dawa ce, mai ƙanana ƙwaya, ba irin tamu ba. An sauke rabon yankinmu a sito na Alhaji Bawale da ke Babban Mutum, shi zai raba. Garuruwan da ke tare da shi suka samu. Kafin Gawo ko kwano. Masu zuwa kasuwa suka ce suna ganin manyan motoci suna lodi a ƙofar siton da rana ƙiri-ƙiri, suna yin arewa su tsallaka iyaka, inda yunwar ta fi tamu kuma kuɗin dawa ya fi.

Iya Gambo ta ce, "Tabawa, ki je. Ke mace ce, da goyo. Ko dutse ne a ƙirjinsa zai ba ki mudu."

Na ɗauki ƙwarya na goya yaron na kama hanya. Ina tafiya ina hutawa a gindin kowace bishiya. Na isa wajen azahar. Ƙofar gidan Bawale cike da mutane, shi yana zaune a kan kujera a rumfa, ana yi masa fifita. A gefe ga raguna manya a ɗaure, an zuba musu jar dawar nan a cikin kwatarniya, suna ci suna barbaɗarwa. Idona ya kasa barin abin da ke zuba a ƙasa.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Daga ina?"

"Daga Kafin Gawo, ranka ya daɗe."

"Gidan wa?"

"Gidan Sanda."

Ya yi 'yar dariya, mutanensa suka taya shi. "Sanda mai baki. Yana ina yanzu?"

Na kwance goyo na juyo da yaron don ya gani. Wuyansa ba ya iya riƙe kansa. Na ce, "Alhaji, ba don ni ba. Mudu ɗaya, in yi kunu in samu nono."

Ya dube shi. Ba zan ce bai gani ba, ya gani sarai. Ya ce, "Ranar zaɓe da wane yatsa kika dangwala?"

Na dubi hannuna.

"Ɗaga mini shi."

Na ɗaga.

"To, ki je ki ba shi ya tsotsa."

Aka fashe da dariya. Wani dogo ya kama ni ta kafaɗa ya fitar da ni. Da zan wuce ta gaban ragunan na sunkuya zan dumbuzi wadda ta zube a ƙasa, ya take ta da takalmi.

A hanyar dawowa rana ta karkata, amma ƙasa tana ƙuna. Ina tafe ina yi masa magana, ina cewa mun kusa, Iya ta dafa tafasa. Wajen wata tsamiya da ke rabin hanya na ji goyon ya canza. Duk macen da ta taɓa goyo ta san yadda numfashin yaro yake taɓa bayanta. Na daina ji. Ya ƙara nauyi, ya saki jiki. Ban kwance ba. Na ƙara ɗaure majanyi na ci gaba da tafiya, ina yi masa magana har gida, don in na kwance a daji ya tabbata, kuma ni kaɗai ce. Iya Gambo ce ta kwance shi. Maza kaɗan suka rage a gari, tsofaffi ne suka haƙa ramin, da ƙyar, don ƙasa ta yi tauri. Ubansa bai sani ba sai bayan wata biyu.

Ba shi kaɗai ba ne. A layinmu kawai, gidaje da yawa sun kai yara bayan gari a wannan damina.

Da sojoji suka karɓi mulki, aka yi ta guɗa. Aka sako mazanmu. Aka ce an kama Bawale, za a bincike shi. Muka ce Allah ya kawo ranar. Kafin wata damina ya dawo da sabuwar mota, shi ne kuma aka ba kwangilar kawo taki. Da farar hula suka dawo, yana gaba. Aka sake juyawa, yana nan. Duk rigar da mulki ya sa, da aljihun Bawale ake ɗinka ta. Kamfanin alkama kuwa bai yi shekaru ba ya kwashe injunansa, asibiti da famfo ko tubali ba a aza ba. Amma ba a cire waya ba. Fadama ta zama gonar mangwaro ta Alhaji. Baba Sanda ya fito daga kurkuku da tari, bai ƙara shekara ba. Malam Ilu ya yi sauran rayuwarsa yana zuwa ci-rani kudu, mutumin da ubansa ke da rijiya.

Ni kuma Allah ya ba ni wasu 'ya'yan, ya kuma sa na gaji Iya Gambo a aikin ungozoma. Yau a Kafin Gawo da ƙauyukan da ke kewaye, da wuya ka sami gidan da ban shiga da tsakar rana ko da asuba na karɓi haihuwa ba. Mata suna jin maganata. 'Yan siyasa sun san haka.

Shi ya sa bayan na kori taliyar Shamsu, aka aiko mini da shugabar matan jam'iyya da turmin atamfa. Na mayar. Aka aiko da buhun shinkafa. Na ce a bar shi a waje, ya kwana ya wuni a ƙofar gida har suka dawo suka ɗauka. Na fara zagaya gidaje. Ban ce wa kowa ga wanda za ta zaɓa ba. Ina zama ne kawai a tsakar gida in ba su labarin jar dawa. Waɗanda suka kai shekaruna sai su ɗauka daga inda na tsaya, kowace da nata mamacin.

Ana saura kwanaki zaɓe sai ga motoci a ƙofata. Shamsu ya shigo da kansa, ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa. Yaro ne mai laushin murya, an ce a ƙasar Turawa ya yi karatu. A bayansa aka turo keken marasa lafiya. Da ƙyar na gane Bawale. Ya shanye, ido ya yi fari, hannu ɗaya yana rawa. Mata suka cika gidan, har kan katanga.

"Inna," in ji Shamsu, "Baba ne ya ce lallai a kawo shi."

Tsohon ya ɗago kai yana neman inda nake. "Tabawa, an ce na yi miki laifi a shekarun baya. Ni na manta abubuwa da yawa. Ga shi na tsufa, kabari nake jira. Ki yafe mini don Allah."

"An ce?" na ce.

Shamsu ya yi sauri. "Inna, abin da ya wuce ya wuce. Mun yi niyyar kujerar Makka a gare ki bana, in Allah ya yarda."

Na ce, "Bawale." Ban sa masa Alhaji ba, na ji mata sun ja numfashi. "In da gaske tuba ka zo yi, abu ne mai sauƙi. Ka sa a cire waya. Ka mayar wa kowane gida yankinsa. Ga fari ana yi, yau ɗin nan muna bukatarta. In ka yi haka zan duba maganarka."

Ya juya kai wajen ɗansa. Shamsu ya sosa ƙeya. "Inna, wannan akwai 'yar matsala. An riga an ba wasu baƙi daga ƙetare hayar wurin, za su noma riɗi su fitar waje. An sa hannu da gwamnati. Amma za su ɗauki matasanmu aiki, kuma akwai maganar asibiti..."

Wata tsohuwa daga kan katanga ta ƙyalƙyale da dariya, irin wadda ba daɗi a cikinta.

Na tashi na matsa kusa da keken har ina jin warin maganin da ke jikinsa. Na ce, "Ka ce ka manta. Bari in tuna maka. Na zo ƙofarka da yaro a hannu, ragunanka suna cin dawar da aka aiko mana. Ka ce in ba shi yatsa ya tsotsa. Bai kai gida ba. Sunansa Haruna." Ɗan fari ne, tun da aka raɗa masa sunan ban taɓa furta shi da bakina ba. "Na faɗa maka ne don ka riƙe, za a tambaye ka. Ban yafe ba. Ku fitar mini da shi."

Suka juya keken.

Ranar zaɓe muka fito tun da hantsi, muka jefa ƙuri'a, muka ƙi komawa gida. Muka zauna a ƙasa muka kewaye teburin, tsofaffi a gaba, masu goyo a baya, rana tana dukanmu. Muka ce a nan za a ƙirga, a gabanmu. Wajen la'asar sai ga samari a kan babura, da gora da adduna, idanu jajaye. Ma'aikatan zaɓe suka fara neman hanyar gudu. Na dubi na gabansu, na gane shi. Na dubi na bayansa, shi ma.

"Kai, ɗan Ladi," na ce, "ba kai ne ka zo ta ƙafa ba, na wuni ina fama da uwarka? Kai kuma na Asabe, da hannun nan na yanke maka cibiya. Ga akwati nan. Wanda zai ɗauka sai ya taka ni ya wuce. Bismilla."

Suka tsaya suna kallon juna. Uwar ɗayansu tana cikinmu, ta miƙe ta kira shi da sunan da take kiransa yana yaro. Ya sauke gorar. Ɗaya bayan ɗaya suka juya babura.

Aka ƙirga a gabanmu da babbar murya. Abin da Shamsu ya samu a akwatinmu bai kai yawan mutanen da ya ba atamfa ba. Haka aka yi a ƙauyukan da ke kewaye. Ya faɗi zaɓe. Da aka sanar, na yi guɗa, ni da na ce na daina guɗa tun rasuwar Malam Ilu.

Wanda ya ci, ba a yi sati ba Hauwa ta nuna mini hotonsa a wayar hannu. Ya je gaida Bawale, ya durƙusa a gaban keken, Shamsu yana gefe suna dariya. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

"Inna, ashe duk ɗaya ne. Wahalar banza muka sha a rana."

Na ce, "Da ma ban zaɓe shi don ina sonsa ba. Shi ma yanzu ya san muna iya zama a rana. In ya manta, za mu tuna masa."

Waya tana nan a fadama har yau, baƙin sun kawo injunansu. Ruwa ya dawo a makare, aka sami ɗan abin da aka samu, rabin rumbu.

Da kaka, ina tsakar gida ina sheƙar sabon gero, Liman ya yi sallama. Tsoho ne shi ma, tare muka ga wancan zamani, ƙanwarsa tana cikin waɗanda aka binne. Ya tsaya daga bakin zaure.

"Tabawa, Alhaji Bawale ya cika da safen nan. Za a yi masa sutura bayan azahar. Iyalansa sun roƙe ni in zo. Sun ce har ya rasu yana ambaton wani suna, ba su san ko na wane ne ba."

Na ajiye faifai. "Allah gafarta Malam, in ban yafe ba, na yi zunubi?"

Ya ce, "Ba ki yi ba. Haƙƙinki ne. Sai dai yafiya ta fi lada."

"Na bar ladan."

"Tabawa..."

"Ku je ku binne shi, Malam. In ana gaya wa mamaci magana, ku gaya masa ya jira ni. Ina tafe, kuma ba ni kaɗai zan zo ba."

Liman ya sunkuyar da kai. Bai ƙara roƙona ba. Ya ce, "Allah ya sa mu cika da imani," ya juya ya fita.

Na ƙarasa shiƙata, na surfa, na kai niƙa. Ran nan na tuƙa tuwon sabon gero da miyar kuka, na ci na ƙoshi, har na suɗe kwano.